Yadda aikinmu ya kasance da ofishin masu zanen gini wajen faɗaɗa gida a Unguwar Dosa

Yawancin gidajen da ake faɗaɗawa a Kaduna ba sa bi ta hannun mai zanen gini. Maigida yakan kira birkila, su zagaya filin tare, a ja layi a ƙasa, washegari a fara haƙa harsashi. Mu ma haka aka ba mu shawara mu yi lokacin da muka ƙuduri aniyar ƙara wa mahaifiyata sashe a gidanmu na Unguwar Dosa, tare da ɗakuna biyu na yaran da suka tasa. Duk da haka muka ɗauki wani ƙaramin ofishin masu zanen gine-gine da ke cikin gari, kuma yanzu da ginin ya ga damina cikakkiya na ga ya dace in bayyana yadda aikinsu ya kasance, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin akwai ƙorafe-ƙorafe a cikin abin da zan faɗa, kuma ba tozarta kowa nake nufi ba.

Gidan namu tsohon gini ne mara bene, a kan fili mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, irin yankan da aka saba da shi a unguwannin Kaduna. Tunanin da muka je da shi ofishin shi ne a ɗora bene a kan ginin da ke akwai, don kada tsakar gida ta ragu. Shugaban ofishin, wanda ya yi karatu a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, bai ce i ko a'a ba a zaman farko. Abin da ya fara yi shi ne nuna mini shaidar rajistarsa da hukumar ARCON, wadda dokar 1969 ta kafa don yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya, kuma ya yi haka tun kafin in tambaya. Wannan yana da muhimmanci a garinmu, inda mutane da yawa suka iya sarrafa manhajar zane a kwamfuta kuma ake kiransu akitek alhali ba su da lasisi, sai su zana su kai wa wani ya buga musu hatimi. Bayan haka ya ce ba zai ja layi ko ɗaya ba sai injiniyan da suke aiki tare, mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya duba abin da ke ƙarƙashin ginin.

An haƙa ramuka a gefen bango a kusurwoyin gidan, aka kuma ɓamɓare filasta a wasu wurare. Abin da aka gano shi ne harsashin ba shi da zurfi, babu ginshiƙan kankare a kusurwoyi, kuma bangwayen ciki duk bulo ne mai inci shida wanda yake marmashewa idan aka karce shi da ƙusa. Ginin ya isa ya ɗauki kwanon da ke kansa, amma ba zai ɗauki daɓen kankare na bene ba, balle ɗakuna da tankin ruwa a sama. Akitek ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, ana iya yin benen, amma sai an sassare bango an dasa ginshiƙai tun daga ƙasa, kuma kuɗin da za ka kashe a nan ya fi na sabon gini a bayan gida. Ga shi kuma Hajiya ba za ta ji daɗin hawa matakala ba." A ganina wannan magana kaɗai ta biya kuɗin da na ba su, kuma a kanta muka fasa benen muka koma gini a bayan gida. Birkilan da muka fara tuntuɓa mutumin kirki ne kuma gwani a aikinsa, amma ya riga ya amince zai ɗora benen, don shi abin da ya gani bango ne a tsaye babu tsaga.

Inda ofishin ya fi burge ni shi ne tambayoyin da suka yi kafin zane. Akwai wata matashiya a cikin ma'aikatansu, ita ma ta karanci fannin, ita aka turo ta shiga cikin gida ta zauna da maiɗakina da mahaifiyata. Ta tambayi inda ake girki ranar suna ko biki, da inda ake ajiye buhunan hatsin da ake kawowa daga ƙauye bayan kaka, da inda ake shanya, da yadda mata masu zuwa gaida Hajiya suke shigowa, da ko Hajiya tana iya tsugunawa. Da namiji aka turo, da rabin waɗannan amsoshi ba su fito ba. Daga wannan zama ne aka samu shawarar buɗe wa sashen Hajiya ƙofarsa ta gefe, ta yadda baƙinta ba sai sun ratsa ta falon maza ba, kuma wanda ke zaune a falon ba ya hango tsakar gida. An yi mata banɗaki a cikin ɗaki mai ƙofa mai faɗi wadda keken marasa lafiya zai iya shiga idan larura ta zo, da ƙarfen dafawa a bango, da wurin alwala na zaune, da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi. Babu dakali ko tudu tsakanin ɗakinta da baranda. An kuma juya mazaunin masai ta yadda mai amfani da shi ba ya fuskantar alƙibla kuma ba ya ba ta baya, kuma su suka fara kawo wannan batu, ba mu ba.

Haka nan sun yi la'akari da yanayin Kaduna fiye da yadda na zata. Sun ƙi sa manyan tagogi a bangon yamma, inda ranar la'asar take dukan gini a watannin Maris da Afrilu, suka mayar da sito da banɗaki can don su tare wa ɗakunan kwana zafi. Kowane ɗaki ya samu tagogi a bango biyu, don iska ta shiga ta fita ko babu wuta, kuma an ɗaga silin ya fi na tsohon ginin tsawo. A lokacin bazarar da ta wuce bambancin ya fito fili, domin da yamma yara sukan bar tsohon falo su koma sabon sashe.

A kan rufi ne muka yi doguwar muhawara. Ni ina son irin rufin da ake yayi yanzu, wanda ake ɓoye kwano a bayan bango, kamar yadda ake gani a sababbin gidajen Millennium City. Akitek bai so ba. Hujjarsa ita ce ruwan da Kaduna take samu a shekara ya haura milimita 1,000, kuma mafi yawansa yana sauka ne a 'yan watanni, musamman Agusta da Satumba, don haka rufin da ya dogara da magudanar kankare a bayan bango yana buƙatar aiki mai tsananin kyau da shara a kai a kai, in ba haka ba ganye da ƙurar hunturu su toshe ta, ruwa ya koma cikin silin. Ya ƙara da cewa hadari a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas kariya, kuma kwanon da ya zarto bango shi ne laimar ginin. Bai tilasta mini ba. Ya zana nau'i biyun ya nuna mini abin da kowanne zai ci. Na zaɓi mai zartowa, kuma damina ta wuce ba mu ga ɗigo ko tabon danshi a bango ba.

Batun takardu kuwa ya zo da gauraye. A Kaduna faɗaɗa gida ma yana buƙatar izinin hukumar KASUPDA mai kula da tsarin birane, ba sabon gini kaɗai ba, kuma duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a garin nan tsakanin 2015 da 2023 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Ofishin ya san tazarar da ake buƙata tsakanin gini da katanga, ya kuma hana ni cinye filin baya gaba ɗaya, aka bar hanyar da motar kwasar masai za ta iya kai bututunta ga sokawe. Amma sai da aka gama zane, aka zo miƙa takardu, sannan suka tambaye ni ko takardar mallakar filin ta bi ta hukumar KADGIS, wadda take riƙe da rajistar filayen jihar. Tamu tsohuwar takarda ce da sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma daidaita ta ya ɗauki lokacin da ya ci mana rani guda. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi a zaman farko, tare da tambayar harsashi. Ofishin da yake shiga da fita a waɗannan hukumomi a kullum ba shi da uzurin mantawa da ita, kuma jinkirin ya jawo mana asara ta zahiri.

Asarar ta zo ne ta fuskar farashi, kuma a nan ne babban ƙorafina yake. Ƙiyasin kuɗin da suka ba mu tun farko ba ƙwararren mai ƙididdigar kayan gini ne ya yi shi ba. Su da kansu suka yi shi a dunƙule, a kan shafi ɗaya, suka ninka faɗin ginin da wani farashi na kowace murabba'in mita. Babu adadin buhunan siminti, babu tan nawa na rodi, babu tifa nawa ta yashi da tsakuwa. Ba na ɗora musu laifin tashin farashi, don kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, har buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Abin da nake ɗora musu shi ne, da sun ba mu jerin kayan dalla-dalla, da mun san abin da za mu saya mu ajiye tun kuɗin yana da daraja, kamar rodi da kwano, waɗanda ba sa lalacewa da ajiya. Da na nemi wannan jeri sai suka ce aiki ne daban mai kuɗinsa daban. Gaskiya ne sana'a ce daban, amma ya kamata a faɗa wa mutum tun farko cewa akwai ta, a bar shi ya zaɓa. Daga baya mun biya an yi mana, kuma da shi muka riƙa auna abin da birkila yake nema a kowane mako.

Akwai kuma hotunan kwamfuta da suke yi, waɗanda suke nuna gini kamar an gama shi. Suna da amfani, musamman ga Hajiya da ba ta saba karanta zanen ƙasa ba, don da hoton ne ta gane inda gadonta zai zauna har ta nemi a matsar da taga. Sai dai an ƙawata su da duwatsun bango da fitilu da tagogin gilashi masu tsada waɗanda ba sa cikin ƙiyasin, kuma idan iyali suka ga irin wannan hoto da wuya a dawo da ransu kan abin da aljihu zai iya. Na so a ce sun zana abin da kuɗinmu zai gina.

Kuɗin aikinsu an raba shi kashi uku: na farko bayan an amince da tsarin ɗakuna, na biyu bayan cikakken zane da na injiniya da na wuta da ruwa, na uku kuma na sa ido a kan gini. An rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, kuma ba su taɓa neman ƙari a kan abin da aka rubuta ba, ko da na sa aka sake juya kicin bayan an gama zane. Jimillar abin da na biya su bai kai abin da rufin sabon sashen ya ci ba. Ina ganin farashin ya yi daidai da aikin, ban da kashi na uku, wanda a kansa nake da magana.

Sa ido shi ne inda darajar mai zane take fitowa ko ta ɓace, domin takarda ba ta gina kanta. A farkon aikin shugaban ofishin yana zuwa da kansa, kuma zuwansa ya yi tasiri. Ya mayar da lodin bulo guda bayan ya ɗaga ɗaya ya sake shi ya tarwatse, ya sa muka koma buga namu a wurin da sharaɗin yawan da za a fitar daga kowane buhu, ana ba shi ruwa safe da yamma kafin a ɗora. Ya tsaya a kan awon kwaɓin kankare, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ya sa aka ƙera akwatin awo na katako maimakon kwanon da leburori suke cikawa yadda suka ga dama. Ya duba rodin da aka sayo da ma'auni, ya nuna mini cewa wani da aka sayar mana a matsayin mai milimita 12 bai kai ba, aka mayar aka canzo. Ya kuma hana a zuba kankaren ƙasa sai an shimfiɗa leda, don danshin damina kada ya hau bango ya riƙa tayar da fenti, ciwon da tsohon ginin namu yake fama da shi shekara da shekaru.

Mafi tsananin saɓani ya faru ne a mahaɗar tsohon gini da sabo. Birkila yana son ya sassaƙa tsohon bango ya saƙa sabon bulo a ciki, yadda ya saba, yana cewa haka ne zai kama. Akitek da injiniya suka ce a'a, a bar siririn rata tun daga harsashi har sama, a cike shi da abu mai laushi a rufe da murfi, saboda tsohon ginin ya gama zama a ƙasa shekaru da yawa, sabon kuwa yanzu zai fara, kuma idan aka ɗaure su wuri ɗaya tsaga za ta fito a inda ta ga dama. Birkila ya ce, "Yallaɓai, tun kafin a haife ka nake wannan aiki." Abin da ya ƙara wa akitek daraja a idona shi ne bai ɗaga murya ba, kuma bai kunyata dattijon a gaban yaransa ba. Ya ja shi gefe yana kiransa Baba, ya tambaye shi gidaje nawa ya gani sun tsage daidai inda aka yi ƙari, dattijon ya yi shiru ya ce da yawa. Aka yi yadda zane ya ce, kuma zuwa yau mahaɗar tana nan lafiya.

Amma daga lokacin da gini ya kai linta, sai shugaban ya fara ɗaukewa. Ya samu wani babban aiki a Abuja, ya riƙa turo wani ɗan bautar ƙasa da ke ofishinsu. Yaron yana da ladabi da ƙoƙari, sai dai ba shi da nauyin da zai ce wa kafinta ko mai aikin famfo ya warware abin da ya yi, su ma kuma sun san haka. A wannan tsakani ne aka karkatar da bututun ruwan banɗakin yara ba bisa zane ba, ba tare da isasshen gangare ba, har sai da aka fasa tayil bayan mun tare aka gyara. Ofishin ya karɓi laifin, ya kuma biya kuɗin aikin gyaran, ni na sayi kayan, kuma na yaba da wannan. Duk da haka na biya kuɗin sa ido ne don idon wanda na yi yarjejeniya da shi. Duk wanda zai ɗauke su, ko wani ofishi irinsu, ya sa a rubuta a takarda wane ne zai zo, kuma a waɗanne matakai ne dole shugaban ya halarta da kansa: kafin zuba harsashi, kafin zuba linta, lokacin ɗora katakon rufi, da kafin a rufe bututu da wayoyi da filasta.

Wata matsala da ba a cika maganarta ba ita ce ta awo. Zanen ofishin duk da milimita aka yi shi, bayanan kuma da Turanci, alhali maginanmu da ƙafa da inci suke tunani, kuma da yawansu ba sa karanta bayanan gefen takarda. Sau da dama na tarar da zanen a naɗe a cikin buhun siminti, ana aiki da abin da aka tuna daga bakin akitek. Da na yi ƙorafi, sai suka fitar da wani sauƙaƙƙen zane mai awon ƙafa da inci, suka lulluɓe shi da leda aka manna a bango, kuma daga ranar kurakurai suka ragu. Abu ne mai sauƙi da ya kamata ya zama al'adarsu a kowane aiki, ba sai an roƙa ba. Haka ma masu walda na kasuwar Panteka da suka yi mana ƙofofi da ƙarafan taga, sai da aka ba su awo a irin harshen da suka saba sannan abin da suka ƙera ya shiga gurbinsa.

Ga wanda zai yi ƙarin shago a jikin katanga ko ɗaki ɗaya na maigadi, ba na jin yana buƙatar dukan wannan hidima, ko da yake izinin hukuma yana nan a kansa. Amma wanda zai taɓa tsohon gini, ko ya ɗora bene, ko yake da dattijo ko mai larura a gida, ko filinsa yake kusa da Kogin Kaduna inda ambaliya take shiga gidaje, to zan tura shi wannan ofishi ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya nemi jerin kaya dalla-dalla tun farko, ya kai takardun filinsa a zaman farko ko ba a tambaye shi ba, ya kuma ɗaure batun sa ido a rubuce.

Akwai abu ɗaya da ya rage tsakaninmu. Yarjejeniyarmu ta ce bayan kammala aiki za su ba ni zane na ƙarshe wanda yake nuna ginin yadda aka gina shi a zahiri, da hanyar da kowane bututu da kowace waya suka bi a cikin bango da ƙasa, don duk ranar da za a yi gyara ko a haɗa sola kada a yi ta fasa bango ana lalube. Har yanzu ba su kawo shi ba, ko da yake sun zo sun yi awo, kuma sun yi alkawarin kammalawa. Na riƙe wani ɓangare na kashi na uku na kuɗinsu har sai ya zo hannuna, kuma shugaban ofishin ya amince da hakan ba tare da gardama ba.